Naman shanu ko ganyen gomen: wanne ya fi ƙara jini da gina jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake rubutowa. Matar ɗana tana da ciki wata biyar. An je awo aka ce jininta ya yi ƙasa, 9.5 aka rubuta a katinta, aka ba ta ƙwayoyi, aka ce ta riƙa cin nama. To nama ya yi tsada, sai mu yi sati ba mu saya ba. Maƙwabciyarmu Bahabashiya tana shuka wani ganye mai faɗi a bayan gidanta, gomen suke ce masa, tana tsinko mana. Autana ya gani a waya wai ganyen nan ya fi naman shanu sinadarin ƙarfe da furotin. In haka ne, za mu iya haƙura da nama mu koma ganyen? Sannan ƙwayoyin suna tayar mata da zuciya, tana so ta daina sha.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raba su lafiya, Ya saka wa maƙwabciyarki da alheri. Ganyen nan abinci ne mai kyau ƙwarai, ku ci gaba da karɓa, in da fili ma ku roƙi iri ku shuka naku. Amma wajen ƙarin jini ba zai tsaya a gurbin nama ba, kuma shi kansa naman ba zai tsaya a gurbin ƙwayoyin da aka ba ta ba. Kada ta daina sha. Zan yi miki bayanin dalili da lissafinsa, don ki samu abin da za ki nuna wa autan naki.

Gomen ɗan gidan kabeji ne, sai dai shi ba ya dunƙulewa, ganyensa a buɗe yake, mai kauri, kore shar, da ƙashi fari a tsakiya. Turawa suna ce masa kolad, mutanen Kenya da Tanzaniya da Sudan ta Kudu suna ce masa sukuma wiki. A bakin Habashawa sunan gomen ya haɗa ganyaye biyu ko uku 'yan dangi ɗaya, kuma amfaninsu a jiki bai yi nisa da juna ba. Alƙaluman da zan kawo na kolad ne kamar yadda aka auna shi a ɗakin gwaji. Na gonar maƙwabciyarki zai iya ɗan hawa ko ɗan sauka gwargwadon ƙasar da ya fito a cikinta da kwanakin da ya yi bayan an tsinke shi.

Mu ɗora su a sikeli ɗaya, giram 100 kowanne. Giram 100 na dafaffen naman shanu shi ne kamar faɗin tafin hannunki ban da yatsu. A cikinsa akwai furotin kusan giram 26, sinadarin ƙarfe, wato hadid ɗin da ake faɗa a asibiti, miligiram 2.5 zuwa 3, zink miligiram 5 zuwa 6, bitamin B12 kusan maikirogiram 2.5, da kalori 200 zuwa 250 gwargwadon kitsensa. Kalsiyam ɗinsa bai kai miligiram 20 ba. Bitamin C babu. Zaren nan da ke cikin ganye, wanda ciki ba ya narkarwa amma yake sauƙaƙa bayan gida, shi ma babu ko ɗis.

Giram 100 na dafaffen gomen kuwa kamar cikin ludayin miya ne a cike. Yana da kalori 33, furotin bai cika giram 3 ba, ƙarfe kusan miligiram 1, zink miligiram 0.2, B12 babu ko kaɗan. Amma yana da zare giram 4, kalsiyam kusan miligiram 140 in an tafasa an tsane, 230 yana ɗanye, bitamin C miligiram 35 yana ɗanye wanda ke raguwa zuwa rabi bayan tafasa, da bitamin K sama da maikirogiram 400, wato ninki huɗu na abin da mace ke buƙata a yini. Yana kuma da folet da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, dukansu da yawa.

Abin da autanki ya gani ba ƙarya ce tsagwaronta ba, awon ne aka yi da wani mudu daban. Masu wannan magana ba sa auna giram da giram, kalori da kalori suke aunawa. Kalori 100 na nama lomar biyu ce ko uku, kusan giram 40. Kalori 100 na gomen kuwa giram 300 ne, ludayi uku maƙil. In aka auna haka, ganyen zai ba da ƙarfe sama da miligiram 3, naman ya ba da 1, furotin ɗinsu kuma ya zo kusa da juna. A takarda ganye ya yi nasara. Sai dai ciki ba takarda ba ne, yana da iyakar abin da yake ɗauka. Kafin surukarki ta samu furotin ɗin da ke cikin tafin hannu ɗaya na nama, sai ta cinye kusan kilo guda na dafaffen gomen a zama ɗaya. Mace mai ciki wata biyar, wadda tun yanzu loma kaɗan ke cika ta, ba za ta iya ba, kuma watanni masu zuwa wurin abincin zai ƙara matsewa.

Maganar da ta fi wannan muhimmanci ita ce yadda hanji ke tsotsar ƙarfen. Iri biyu ne a abinci. Akwai wanda ke naɗe cikin jan launin jini da tsoka, ana ce masa him, a nama da kifi kaɗai ake samunsa. Hanji yana ɗaukar kashi 15 zuwa 35 cikin 100 na wannan, kuma sauran abin da aka ci tare da shi ba su cika hana shi shiga ba. Ɗayan shi ne na tsirrai, na ganye da wake da dawa. Shi kashi 2 zuwa 20 ake ɗauka, kuma a abincin da dawa ta fi yawa a cikinsa, aka bi shi da shayi, ƙasan wannan ma'auni ake zama. Mu yi lissafin a hankali. Tafin hannu na nama mai miligiram 2.6, in jiki ya ɗauki kashi 20, an samu rabin miligiram a jini. Ludayin gomen mai miligiram 1, in jiki ya ɗauki kashi 5, an samu kashi ɗaya cikin ashirin na miligiram. Tazarar ta kai ninki goma. Gaskiya ne jikin mai ciki da na mai ƙarancin jini yana buɗe ƙofa fiye da na sauran mutane, yana tsotsar ƙarfen tsirrai fiye da yadda ya saba. Hakan yana rage tazarar, amma ba ya share ta.

Yanzu ki duba abin da ake nema daga jikinta. Goyon ciki ɗaya daga farko zuwa haihuwa yana cin ƙarfe kusan miligiram 1,000, tsakanin jinin uwa da ke ƙaruwa, da jariri, da mabiyiya, da jinin da za a zubar ranar haihuwa. Shi ya sa ake so mai ciki ta ci miligiram 27 a abinci kullum, alhali mace marar ciki 18 ne, namiji 8. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mai ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan awonta ya gaza 11, ko 10.5 a watanni ukun tsakiyar ciki, kuma ƙasa da 7 ya zama mai tsanani. Surukarki tana 9.5, wato ta riga ta cinye ajiyarta ta shiga bashi. Ƙwayar ƙarfe guda mai miligiram 60 tana ɗauke da abin da sai an ci naman shanu sama da kilo biyu kafin a tara. Babu tukunyar da za ta biya wannan bashin a cikin wata huɗun da suka rage, ko da kullum rago kuke yankawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, Hajiya. Macen da ta shiga naƙuda da jini ƙasa, zubar jinin da wata za ta jure ita sai ta kayar da ita.

Tashin zuciyar da ƙwayoyin ke sa ta yana da dabara. Ta daina sha da safe cikinta babu komai, ta mayar da shi dare, bayan ta ɗan ci wani abu, dab da kwanciya. Ta kora da ruwa, in da lemun tsami a matsa a ciki ya fi. Kada ta kora da shayi ko madara ko jabana, wato gahawa, kuma in tana shan maganin ƙwannafi ko ƙwayar kalsiyam ta raba su da awa biyu, don suna kama ƙarfen su hana shi shiga. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba ciwo ba ne. In da duk wannan amai bai bar ta ba, ta koma wurin awo ta faɗa musu ƙarara, suna iya canza mata yadda take sha ko irin maganin. Abin da ba a so shi ne ta daina a ɓoye, ana tsammanin tana sha. Kuma a rataye ƙwayoyin inda hannun yara ba ya kai, domin suna kama da alewa, kuma yaro ƙarami in ya haɗiye da yawa suna iya kashe shi.

Bayan ƙarfe akwai B12, wanda shi ne ya rufe ƙofar barin abincin dabba gaba ɗaya. Babu shi a gomen, babu a zogale, babu a rama ko wake ko gyaɗa. Jiki yana buƙatarsa wajen ƙera jini da kula da jijiyoyi, mai ciki maikirogiram 2.6 a yini, mai shayarwa 2.8. Hanta tana ajiye shi na tsawon lokaci, shi ya sa rashinsa ba ya bayyana da wuri, sai a hankali a fara jin kasala da tsikari a tafin ƙafa da yatsu. Wanda ya fi shan wahala shi ne jaririn da ke shan nonon uwar da ba ta da shi, domin ƙwaƙwalwarsa tana girma ne a daidai lokacin. Sa'ar da aka yi, ba lallai sai naman shanu ba. Kofin madara ko nono yana ba da kusan maikirogiram 1, ƙwai ɗaya kusan rabin haka, kifi ma yana da shi, har busasshen kifin nan kajaik da ake sa wa a mulah, wato miya. Zink ma nama ya ninka gomen fiye da sau ashirin, kuma shi ma na tsirrai jiki yana wahalar ɗaukarsa.

Kada wannan ya sa ki raina ganyen, domin akwai fagen da nama ba ya ko leƙawa. Kalsiyam ne na farko. Babban mutum yana buƙatar kusan miligiram 1,000 a yini, jariri kuma daga jikin uwa yake ɗibar na ƙashinsa. Gomen ɗanye ya kusa ninka madara in aka auna nauyi da nauyi. Abin da ya bambanta shi da wasu ganyayen shi ne ƙarancin wani sinadari da ake kira okzalet, wanda ke manne wa kalsiyam ya fita da shi ta bayan gida. Sabanik, wato alayyafon Turawa, da namu alayyafon da ganyen rijla suna da okzalet da yawa, har ma a sabanik kashi 5 kawai na kalsiyam ɗinsa jiki ke samu. Dangin kabeji masu buɗaɗɗen ganye kuwa ana samun kusan kashi 40 zuwa 50, wanda ya ɗara na madara mai kashi 30. A gidan da madara ba ta samuwa kullum, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai folet, abokin aikin B12 wajen ƙera jini, wanda gomen ɗanye ke da kusan maikirogiram 130 a giram 100, nama kuma ɗan kaɗan. Sai bitamin A na lafiyar ido da garkuwar jiki. Sai zaren nan, wanda surukarki za ta gode masa, domin ciki da ƙwayar ƙarfe duka biyun suna ɗaure bayan gida. Sai bitamin C, wanda aikinsa a nan shi ne ya sauya ƙarfen tsirrai zuwa siffar da hanji ke iya ɗauka. Nama ma yana da irin wannan taimako: ɗan nama kaɗan in aka ci shi tare da ganye ko wake, yana ƙara yawan ƙarfen da jiki ke ɗauka daga ganyen da waken. Saboda haka, a ganina, rubu'in kilo da aka dafa a cikin miyar ganye aka ci sau biyu ya fi amfani a kan kilo guda da aka soye aka cinye rana ɗaya aka zauna sati biyu babu.

Mafi yawan amfanin ganye a tukunya yake salwanta, kuma ta hanya uku. Ta farko ita ce kanwa, atrun ɗin da ake jefa wa kudra, wato miyar lalo, don ta yi kore ta yi laushi da wuri. Miyar za ta yi kyan gani, amma kanwa tana kashe bitamin C da wasu daga cikin dangin bitamin B. Ta biyu ita ce a tafasa ganye a ruwa mai yawa a tsiyaye a zubar, don a rage ɗaci. Folet da bitamin C ruwa suke bi, ruwan da aka zubar a rariya shi ya tafi da su. Ta uku ita ce daɗewa a wuta. Gomen da aka bari awa guda yana tafasa har ya koma ruwan ƙasa-ƙasa yana warin kibiritu, kalsiyam da bitamin K suna nan, amma masu taimakon jinin sun tafi.

Ga yadda za ki yi wa mutum shida. Nama rabin kilo da ƙashinsa, gomen kilo guda, albasa biyu, tumatur uku, tafarnuwa, man riɗi ko man gyaɗa cokali huɗu, lemun tsami biyu. Ki wanke ganyen tun yana ɗanye bai ga wuƙa ba, ki juya bayansa ki duba, nan ƙananan ƙwari ke maƙalewa. In kin gan su, ki jiƙa shi a ruwan gishiri minti biyar ki ɗauraye da ruwa mai tsabta. In aka yanka kafin a wanke, ta bakin yankan bitamin ke zubewa cikin ruwan wankin. Ki zare ƙashin tsakiya, ki yanka shi ƙanana daban, don ya fi ganyen daɗewa kafin ya nuna. Ganyen kuma ki naɗe shi kamar tabarma ki yanka sirara-sirara. Ki soya albasa, ki zuba naman da aka yanka ƙanana, ki sa tumatur da ruwan da zai ɗan rufe shi, ya dahu a wuta marar ƙarfi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi har ya yi laushi. Sannan ki zuba ƙashin ganyen ya yi minti biyar, ki bi shi da ganyen, ki rufe tukunya minti goma zuwa sha biyu. Zai lanƙwashe ya yi laushi amma korensa yana nan. Ki sauke, sannan ki matsa lemun tsami, kada ki matsa tukunya tana kan wuta. Romon duka a sha shi. Man da aka sa ba don daɗi kaɗai ba ne, bitamin A da K ba sa shiga jiki sosai sai da maiƙo. In an dama dakwa, markaɗaɗɗiyar gyaɗar nan, cokali uku ko huɗu a ciki, ta ƙara furotin da maiƙo, ta kuma kashe ɗacin da ke sa mutane zubar da ruwan.

Rabin kilo da ƙashi, in aka cire ƙashin aka dafa, abin da zai rage bai wuce giram 250 ba. In aka raba shida, kowa ya samu kusan giram 40, wato furotin giram 10, ƙarfe miligiram 1, B12 maikirogiram 1. A nan zan roƙe ki abu ɗaya, tunda ludayin a hannunki yake. A gidajenmu tsokar kirki kwanon maigida da baƙi take tafiya, mai ciki ta samu romo da ƙashi, kuma kunyar suruka ba za ta bar ta ta miƙa hannu ba. Namiji lafiyayye buƙatarsa ta ƙarfe ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na tata ba. Ki cire mata kaso biyu tun a tukunya ki ba ta da hannunki, ki kuma faɗa wa ɗanki dalili.

Shayi kuma dole a taɓa shi, ko da yake na san wuyar abin a Sudan, inda ba a ɗauke faranti sai kofuna sun biyo baya. Baƙin shayi yana da tanin, wanda ke ɗaure ƙarfen tsirrai a cikin hanji. Kofi ɗaya tare da abinci yana iya rage abin da jiki zai ɗauka da fiye da rabi. Jabana ma haka, sai dai ba ta kai shayi ba. Ba na ce ta daina ba, ta jinkirta shi awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci. Wannan ba ya cin ko sisi, amma yana iya ninka abin da take samu daga ganye da ful da adas, wato 'yan dangin wake. Wajen tuwo kuwa kun yi dace: dawa tana da wani sinadari, faitet, mai hana ƙarfe da zink shiga, kuma tsimin da ƙullun kisra ke yi kafin a toya yana karya wani sashe nasa. Kisra ko asida ta ƙullun da ya kwana ya yi tsami ta fi tuwon garin da aka tuƙa nan take.

In kuɗin tsoka bai samu ba, ki tambayi mahauci saifa. Mutane ba su cika rububinta ba, amma giram 100 nata yana da ƙarfe kusan miligiram 40, ya ninka na tsoka fiye da sau goma, kuma mai yawansa irin wanda jiki ke ɗauka da sauƙi ne. Yanka biyu ko uku a cikin miya sun yi aiki. Zuciya ma ta ɗara tsoka ƙarfe. Hanta tana da ƙarfe da B12 mai yawan gaske, amma bitamin A ɗinta ya yi yawan da zai iya cutar da ɗan tayi, don haka mai ciki ta bar wa sauran 'yan gida, ko ta ɗanɗani yanka ɗaya jefi-jefi. Bitamin A na ganye ba shi da wannan haɗarin, don jiki yana sarrafa iya abin da yake buƙata ne. Sharmut, busasshen naman nan, shi ma nama ne cikakke, ruwa kaɗai ya fita, ƙarfe da furotin suna nan a tattare, cokali biyu na dakakkensa a mulah ba abin rainawa ba ne. Marara kuwa, ɗanyar hanta da kayan cikin da ake ci da albasa da barkono ranar yanka, kada ta kusance ta. Ɗanyen nama yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke ratsa mabiyiya ta lalata ido da ƙwaƙwalwar jariri, kuma barkono da lemun tsami ba sa kashe ta, wuta ce kaɗai. Duk naman da za ta ci ya dahu har tsakiyarsa babu ja.

Ranakun da babu nama sam, wake da adas su ne ginshiƙi, ganye ya zama abokin tafiya. Giram 100 na dafaffen adas yana da furotin giram 9 da ƙarfe sama da miligiram 3, wake kusan 8 da 2.5, duka biyun kuma cike suke da folet. A haɗa da gomen da tumatur da lemun tsami, a ƙara ƙwai ɗaya ko kofin nono a wani lokacin na yini saboda B12. Kawal, ganyen tafasa da mutanen yammacin Sudan ke tsimawa su busar su sa a miya a madadin nama, yana ƙara furotin da ɗanɗano, amma kada a dogara da shi wajen B12.

Sauran mutanen gidan suna da nasu lissafin. In akwai dattijo mai shan warfarin, maganin tsinka jini, bitamin K na gomen yana rage ƙarfin maganin. Ba a hana shi ci ba, amma ya riƙa cin gwargwado ɗaya a kai a kai, kuma likitansa ya sani, domin haɗarin yana cikin a ci kwano guda yau a yi wata ba a ci ba. Dangin kabeji suna da sinadarin da ke ɗan takura wa aikin ƙullin da ke gaban wuya, wato tayirod, in jiki ba shi da sinadarin aidin, amma dafuwa tana rage shi, kuma cin miya na yau da kullum ba ya jawo maƙoƙo ga wanda gishirinsa mai aidin ne. Ki duba jakar gishirinku, mai ciki tana cikin waɗanda suka fi buƙatar aidin. Masu hali kuma, waɗanda agashe ya zama musu abincin kowane dare, iyakar da masana ciwon daji ke ba da shawara ita ce giram 350 zuwa 500 na dafaffen jan nama a mako. A shekarar 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama irin su sosej cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin hanji, jan nama kuma cikin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa. Gidan da ke yin sati bai ga nama ba, wannan gargaɗin ba nasa ba ne. Yara ƙanana daga wata shida cikinsu ɗan kaɗan ne, ganye yana cika shi kafin su samu abin da suke buƙata, don haka a daka musu nama ko kifi ko gwaiduwar ƙwai a cikin abincinsu, ganyen ya zama ƙari.

Abu na ƙarshe ya fi abinci nauyi. Ba kowane ƙarancin jini ba ne daga tukunya. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini, kuma a jikin mai ciki yakan ɓuya ba tare da zazzaɓi mai zafi ba. Tsutsar ciki da tsargiya suna tsiyaye jini a hankali. Yankinku na Gadarif kuma sananne ne da kala-azar, wadda alamarta zazzaɓi ne da ya wuce sati biyu, da rama, da kumburin saifa a gefen hagu na ciki. Sikila ma tana cikin al'ummarmu, kuma mai ita ba a ɗora mata ƙarfe sai an gwada. In ba a yi mata gwajin maleriya da na bayan gida da na sikila ba, ta nema a zuwa awo na gaba, ta kuma kwana cikin gidan sauro. Bayan sati huɗu tana shan ƙwayoyin ba fashi, a sake auna jinin. Ana sa ran ya hau da kamar maki ɗaya. In bai motsa ba, ko ya ƙara sauka, to akwai abin da ke cin sa, a bincika. In kuwa kafin lokacin kika ga tana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, ko jiri yana ɗibarta, ko zuciyarta tana bugawa da sauri tana zaune, ko cikin idonta da tafin hannunta sun yi fari fat, ko ta ga jini, kada a jira ranar awo, a kai ta asibiti a ranar.